Ɗaɗɗoyar Kawu Tanimu ta Cikin Bokiti

Ku da kuka san Kawu Tanimu, ba sai na tuna muku yadda yake gaisuwa ba. Ka yi sallama ya amsa, to kafin bakinka ya kai ga "ina kwana" ya riga ya zaro ganyen ɗaɗɗoya daga naɗin hularsa, ya murje shi da yatsu biyu, ya dangana maka a ƙofar hanci.

"Shinshina."

Ka shinshina.

"Ka ji?"

"Na ji, Kawu."

"Ba ka ji ba. Sake."

Sai ka sake, ka lumshe ido ka ce, "Kai, wannan ƙamshi!" sannan ya tambaye ka lafiyar iyali. Liman bai tsira ba. Matan da ke yawon allurar rigakafi ba su tsira ba. A masallaci kuwa ba sai an waiga ba, da zarar sahu ya ɗauki ƙamshin farfesu an san Tanimu ya iso.

Ni Habiba 'yar ƙanwarsa ce, kuma a gidan aurena nan Birnin Gwari ya yi shekarunsa shida na ƙarshe, shi da matarsa Inna Hanne. Don haka abin da zan faɗa ba "an ce" ba ne. Ni na sha shi har na ƙoshi.

Shekarar da zama ya gagara a ƙauyenmu, can cikin daji bayan Kutemeshi, kowa ya kamo hanyar gari da abin da ya iya ɗauka. Wani buhun masara, wani akuya, wata keken ɗinki. Ina tsaye a zaure babura biyu suka tsaya a ƙofar gida. Na farko Inna Hanne ce, ƙunshin kaya a cinya, tukwane ɗaure a baya, tabarma a hammata. Na biyu Kawu ne, zaune ƙyam, rungume da wani tsohon bokitin ƙarfe cike da ƙasa, ga tsiro a ciki yana rangaji.

Inna Hanne ko amsa sannu da zuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Habiba, dubi kawunki. Rediyonsa na can, bargonsa na can, garmarsa na can. Ciyawa ya ɗauko."

"Iya bakinki, Hanne," in ji shi. "Ɗaɗɗoyar Iya ce."

Iya ita ce mahaifiyarsa, kakata, ta daɗe da rasuwa. A bayan madafarta wannan ɗaɗɗoya take tun muna yara, ta bushe ta tofo, ta bushe ta tofo, da ita aka yi wa duk zuriyarmu miya. Lokacin da mutane ke ta kansu, shi Kawu yana durƙushe a bayan madafa yana tono ta da ƙasarta.

Maigidana, Baban Walida, mutum ne mai son kyautata wa surukai. Ya ba su ɗakuna biyu na baya, ya kuma ce, "Kawu, ga fili nan bayan ɗaki, ƙasa mai kyau. A dasa ta ta huta."

Kawu ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"A dasa? A ƙasar mutane? Baƙo raɓa ne, ɗana. Mako biyu za mu yi, ƙura ta lafa, in ɗauki abata in mayar da ita ramin da na tono ta."

Ya zagaya tsakar gida sau biyu, ya zaɓi gindin katanga kusa da inda muke wanke-wanke, wai don ruwan ɗauraya kada ya tafi a banza. Ya dire bokitin a nan. To daga ranar aka kafa dokar da ta mulki gidana shekara shida: duk abin da Kawu zai shuka, ba ya taɓa ƙasar Birnin Gwari. A wurinsa, ranar da ya sa saiwa a ƙasar garin nan, ranar ya yarda ba za a koma gida ba. Mu duka mun gane haka, ba dai mai faɗa.

Amma manomi ne, hannunsa ba ya zama. Mako biyu ya zama wata biyu, sai ga tumatir a gwangwanin fenti. Attaruhu a buta mai yoyo. Alayyafo da yakuwa a tsohuwar taya, wadda ya shimfiɗa wa buhu a ƙasa don kada saiwa ta yi kuskure. Kuɓewa a fasasshiyar randa. Kabewa ma a tsagaggen turmi ya shuka ta, ta bi katanga ta haye rufin ɗaki abinta. Ita kuwa ɗaɗɗoya, kullum da safe yana tsaye a kanta yana tsinke mata fure da farce, wai in ka bari ta yi fure ta daina yi maka ganye. Reshe ɗaya yake bari ya yi iri. Sauran rassan da ya yanko ya kafa su a ƙananan gwangwanaye, yana kiran su 'ya'yanta.

Abin shuka kuwa, duk unguwa an san shi. In kana da abin da ke yoyo, kada ka yar, Tanimu na zuwa. Wata rana na nemi sabon bokitina na roba, shuɗi, wanda ko wata ɗaya bai yi ba. Na duba ɗaki, na duba bayi, sai ga shi a jerin Kawu da gauta a ciki.

"Kawu! Bokitina ne fa wannan!"

"Ai yoyo yake yi."

"Yoyo? Tun yaushe?"

"Tun da na huda shi."

Ya ci gaba da ban-ruwa. Hali zanen dutse.

Sai batun girki. Dattijo ne da farin gemu, amma ya kafa duwatsu uku kusa da bokitansa, ya samo 'yar tukunya, ya ce shi daga yau miyarsa da hannunsa. Dalili? Wai miyar gari duk kasuwa ce aka tafasa. Abin da ya fi tsana shi ne ɗan dunƙulen ɗanɗanon nan na kanti. Ko takardarsa ya gani a shara sai ya yi tsaki. Shi dai kayan bokitinsa, da daddawar da Inna Hanne ke yi, shi ke nan. Kuma, gaskiya ɗaya ce, ya iya. Faten tsakinsa, in ya sauke daga wuta ya yayyaga ɗaɗɗoya da hannu ya watsa ya rufe, har maƙwabta sai sun leƙo. Ba ya sa mata wuƙa, ba ya bari ta tafasa.

"Ba dafa ta ake yi ba," yakan ce. "Gaishe ta ake yi da zafi."

Na taɓa tsokanarsa na ce, "To Kawu, gishirin fa? A wane bokiti ka shuka shi?"

Bai ko ɗago ba. "Gishiri surukin miya ne. Ba kai ka haife shi ba, amma dole ka zauna da shi."

Baban Walida na alwala a gefe, ya yi kamar bai ji ba.

Inna Hanne ce abin ya fi ci wa rai. Shekara arba'in tana yi wa mutum miya bai mutu ba, yau ya zo gidan 'yar ƙanwarsa yana nuna wa duniya ba ta iya ba. Rannan ya ɗora miyar taushe ya tafi sallar azahar, ta yafito ni. Ta kwance bakin zanenta, sai ga dunƙule guda. Ta raba shi biyu, ta murmushe rabi a tukunyarsa, ta juya, ta shafe bakin ludayi.

"Mu gani in hancin nasa na gaskiya ne, ko mu kawai ake wahalarwa."

Ya dawo, ya sauke, ya yi gaisuwarsa ta ɗaɗɗoya, ya zauna da malmalar tuwo. Mu muna daga rumfa muna tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa. Loma ɗaya, biyu, uku. Ya cinye tas, ya suɗe kwano, ya lashe yatsu. Inna Hanne ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ɗaga murya.

"Malam, yaya miyar yau?"

"Alhamdu lillahi." Ya yi gyatsa. "Wanda ya zuba mata ƙarya, Allah ya shirye shi. Akwai saura?"

Ya ƙara rabin malmala. Washegari kuma ya sayo kwaɗo ya sa wa ɗan akwatin da yake ajiye tukunyar.

Ku da kuke unguwar kun tuna ranar akuyar Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu. An bar ƙofa a buɗe, Kawu na masallaci, akuya ta shigo ta yi walima. Alayyafo, yakuwa, ƙananan tumatir, har ganyen kabewar da ya sauko daga rufi. Da na fito na gani, na ce yau akwai shari'a har gaban mai unguwa.

Ya dawo ya tsaya. Ya bi bokitai ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. Ya zo kan babban bokitin ƙarfe, ya tarar da ɗaɗɗoya lafiya lau, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. Ya duƙa ya duba sawun kofato a jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin. Sai na ga fuskarsa ta ɓaci. Ya juya ya nufi gidan Hajiya, ni kuma na yafa mayafi na bi shi don a samu mai raba faɗa.

Hajiya ta fito zaure tana ba da haƙuri tun kafin ya buɗe baki. Ya ɗaga mata hannu.

"Ba ɓarna ce ta kawo ni ba, Hajiya. Dabba ce, ci ne aikinta. Abin da ya ƙona mini rai, ta bi komai ta ci, ta zo kan ɗaɗɗoyar Iya ta shinshina, ta kau da kai ta wuce. Ga sawunta can, je ki gani."

"To Malam, ai gara da ba ta ci ba."

"Gara? Akuyar da ba ta san abu mai daraja ba? Ki rabu da ita, Hajiya. Ko an yanka, namanta ba zai yi daɗi ba."

Har yau Hajiya Talatu in ta tuna sai ta riƙe ciki.

Duk wannan muna dariya, amma shi a kan hanya yake zaune. Da an ce an yi sulhu, ko an ce wasu sun leƙa gonakinsu sun dawo lafiya, sai ka ga Kawu ya kwashi gwangwanaye da butoci ya jera su a zaure, ya ɗaure tabarmarsa. Inna Hanne ko tashi daga kan kujerar tsakar gida ba ta yi. Kwana biyu, uku, sai wani labarin ya zo wanda ba shi da daɗin ji. Sai ya kwashe su ɗaya-ɗaya ya mayar, ba ya kallon kowa. In ka yi rashin hankalin tambaya, ya ce, "Iska na kai su sha." An yi haka ya fi sau biyar. Babban bokitin ƙarfe ne kaɗai bai taɓa ɗagawa ba.

"Tsohuwa ba a tashin ta sai mota ta tsaya a ƙofa," in ji shi.

A bazarar shekara ta shida motar ta tsaya. Ɗanjuma, ɗan ƙauyenmu mai tuƙa a-kori-kura, ya zo gaishe shi, ya ce gidaje huɗu sun koma, shi da kansa ya kai su. Rufin ɗakuna ya rufta, ciyawa ta cinye tsakar gida, amma gona na nan, kuma ga ruwa ya kusa sauka. Kawu bai bari ya gama shan ruwa ba ya ce ranar Asabar ya zo da mota.

Ni kam na ji tsoro, ba na ɓoyewa. A lokacin ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Can babu asibiti, babu mai magani, hanyar kuma yau lafiya gobe Allah masani. Na san in ya tafi ba zan sake ganin sa ba. Na roƙe shi, Baban Walida ya roƙe shi, aka turo abokansa na masallaci, kamar ana zuga shi. Inna Hanne ce ta rufe maganar. Ta ce, "In ka tafi zan bi ka, don ba ni da wani mijin. Amma ka sani ba da son raina ba ne." Ta shiga ta fara ɗaure tukwane. Wannan ne karo na farko da na ga ta ɗaure kaya.

Asabar da hantsi aka loda mota. Tabarmi, tukwane, sannan gwangwanaye da butoci da taya, Kawu na tsaye da sanda yana faɗa wa Ɗanjuma wane zai zauna kusa da wane. Bayan motar nan ya koma lambu. Da aka gama ya ce kowa ya matsa, tsohuwa shi zai ɗauke ta, kuma a cinyarsa za ta zauna kamar yadda ta zo.

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya kama mariƙin bokitin ya ja. Shiru. Ya sake ja. Ko gezau.

"Ƙasar gida nauyi gare ta," ya ce yana haki. "Ɗanjuma, zo ka kama."

Ɗanjuma ƙato ne, buhun masara yake saɓawa shi kaɗai. Ya ja, ya dubi bokiti, ya dubi Kawu. Baban Walida ya zo ya kama ɗaya gefen. Suka ce "Ya Allah!" suka ɗaga tare. Sai muka ji ƙarrr, bokiti ya taso, amma ba gindi. Tsatsa ta cinye gindin tuni, shekara shida yana shan ruwan wanke-wanke. Ƙarfen ya zame sama ya maƙale a rassa, ƙasar ciki ta zube, ɗaɗɗoya na tsaye inda take. Saiwoyi uku, kowace kaurin babban yatsa, sun nutse kai tsaye cikin ƙasar gidana.

Inna Hanne ce ta fara magana, tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"Shekara uku ke nan, Malam. Kullum ina shara ina gani."

"Kika yi shiru?"

"Ka tambaye ni?"

Ɗanjuma, mai son a gama a kama hanya, ya ce, "Baba, bari in ɗauko adda a mota mu datse saiwar."

"Datse taka ƙafar tukuna, mu ga ko za ka kai Kutemeshi."

Baban Walida ya sassauta murya. "Kawu, ai ga 'ya'yanta can a mota, ga iri a aljihunka. Duk ita ce."

"Da ita na fito," in ji Kawu. "In koma in tsaya a bayan madafar Iya in ce me? In ce na baro ta a gidan suruki?"

Ya ja kujerar Inna Hanne ya zauna a gaban shukar, abin da bai taɓa yi ba, don shi ba ya zama a kujerar mata. Ya daɗe yana kallon saiwoyin. Can ya nuna ta da sanda.

"Munafuka. Ni ina nan ina gaya wa mutane mu baƙi ne, ashe ke kin daɗe da yin gida."

Ɗanjuma ya fashe da dariya, ni ma na yi, har Inna Hanne ta rufe baki da mayafi. Sai na dubi fuskar Kawu, na daina dariyar. Ya share fuska da tafin hannu.

"Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Ɗanjuma, sauke kaya."

Na yi murna, kuma na ji kunyar murnar. Har yau ban sani ba ko ɗaɗɗoyar ce ta hana shi tafiya, ko kuwa ƙafafunsa sun riga sun gaya masa gaskiya, yana neman wanda zai faɗa a madadinsa. Ban tambaye shi ba. Ba a yi wa Kawu irin wannan tambaya.

Kada ku ce ya yi laushi. Kwana biyu ya yi a ɗaki, a na uku ya fito da sassafe ya sa aka kira Baban Walida, ya kai shi bayan ɗaki, ya caka sanda a ƙasa.

"Fili kamar wannan, ka bar shi shekara shida ba shuka? Wane irin magidanci ne kai?"

Bawan Allah ya je ya aro fartanya. A makon nan aka juye komai a ƙasa, Kawu na zaune a inuwa yana ba da umarni, yana kushe kowace kunya da aka ja. Damina ta sauka a kai. Wallahi ban taɓa ganin kuɓewa irin ta shekarar nan ba. Ya ci, ya rabar, ya yi fate har muka gaji da fate. Sunan ƙauye kuwa bai sake fita daga bakinsa ba.

Wajen ƙarshen damina jiki ya ƙi, ya koma kan tabarma a rumfa. Wata la'asar Baban Walida ya dawo daga jana'izar wani, ya tsuguna gaishe shi. Kawu ya dubi ƙurar da ke ƙafarsa.

"Ɗana, maƙabartar garin nan, wace irin ƙasa ce?"

"Ja ce, Kawu. Da ɗan tsakuwa."

"Irin ta bayan ɗakin nan?"

"Kusan haka."

Ya yi lissafinsa na manomi, sannan ya gyaɗa kai.

"To, ba laifi. Ana kamawa a cikinta."

Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka kai shi.

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci. Allah ya sada shi da Iya a gidan da ba a gudu a bar shi. Waɗanda kuma har yau kayansu ke ɗaure suna jiran hanya, Allah ya buɗe musu ita. Amin.